Tuwon Ƙasa Malmala Uku

Daminar da garma ta sari ɗana a ƙafa, a gonarmu ta Manga, mu uku ne muka rage a gidana na Zuru: ni, da shi, da 'yarsa mai shekara biyu da rabi. Matarsa tana Birnin Kebbi wajen kwas na aikin jinya, wata huɗu za ta yi, kuma ba a zuwa wurin da goyo. Likita ya hana ɗana taka ƙasa sai da sanda. Wanda bai taɓa ganin manomi a kwance a tsakiyar damina ba, ba zai san irin ƙuncinsa ba. Yakan wuni a kan tabarma a baranda, fuskarsa wajen duwatsu, yana sauraren ruwa yana sauka a gonakin mutane. Abu ɗaya ne yake sa shi ya ɗaga kai, wato in yarinyar ta zo ta ja masa gemu.

Ni tsohuwar malamar firamare ce. 'Yan mishan ne suka koya mini karatu, suka koya mini cewa layin da bai miƙe ba ba layi ba ne, kuma aikin da aka yi rabi gara a ce ba a taɓa shi ba. Da wannan na koyar da yara fiye da shekara talatin, ban kuwa taɓa ganin dalilin sauya shi ba.

Matar ɗana tana da ya, mai shagon atamfa da leshi a unguwar Rikoto. Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada ruwa ya tsare mu a barandar majami'a, mu mata kusan goma, har da uwargidan fasto. Nan wannan matar ta ga ya dace ta yi mini magana.

"Mama, ina ɗiyarmu? Shekaranjiya na leƙa gidan, na gan ta zaune a duhu kamar kaza a akurki. Ba talabijin, ba abin wasa ko ɗaya. Uban yana kwance, ke kuma ƙarfi ya tafi. Namiji ai ba ya reno. Zan kira ƙanwata ta ce a kawo mini ita. Gidana akwai janareto, yara na kallon katun tun safe."

Da ta tsaya nan, da wataƙila na bar ta. Amma sai ta juya wajen sauran matan, tana gyara ɗaurin kai, ta ƙara da cewa, "Ku ji ikon Allah. Malama ta koyar da 'ya'yan garin nan kaf, amma jikarta ko 'yar tsana ba ta da ita."

Aka yi dariya. Ba dukansu ba, amma na ga waɗanda suka yi, kuma har yau zan iya jera su bisa ga inda kowace ta tsaya. Na ce, "Na ji, 'yata. A gaida gida." A makarantar mishan an koya mana darasin yafe wa wanda ya yi mana laifi, na kuma ci jarrabawarsa da maki mai kyau. Sai dai cin jarrabawa dabam, aikatawa dabam.

Da yamma matar ɗana ta kira mijinta a waya. Ina jin muryarta daga inda nake tsince shinkafa. Ta ce yayarta za ta zo ranar Asabar ta sama ta duba, in ta tarar da abin yadda ta faɗa, to a ba ta yarinyar ta riƙe har a gama kwas. Ɗana ya ce, "To." Ya ajiye wayar, ya juya fuskarsa wajen bango. Na san abin da yake tunani, domin ni ma shi nake tunani. In aka ɗauke yarinyar, babu sauran abin da zai tashe shi daga tabarmar nan, kuma za a ce a gari bai iya noma ba, bai iya riƙe 'yarsa ba.

Washegari na ciro tsohuwar kalanda, na juya bayanta, na ɗauki rula na ja jadawali. A zamaninmu, in ruwa ya hana yara fita fili, akwai darasin da ake kira aikin hannu, kuma ba a sayen kome dominsa. Abin da ke cikin gida da abin da ke bayan gida, su ne kayan aiki. Na raba kwanakin: tsintar wake da gyaɗa, zane da gawayi, saƙar kaba. Na yi niyyar in nuna wa mai shagon nan cewa gidan da babu janareto ba kabari ba ne.

Dole in faɗi gaskiya, kwana biyun farko jadawalin ya kunyata ni. Na zaunar da yarinyar, na ajiye faifai biyu, na ce wake nan, gyaɗa can. Ta dube ni, ta kwashi duka biyun ta zuba a takalmin ubanta. Na mai da su, na kama hannunta na nuna mata. Ta sake zubawa a takalmin. A karo na uku da na kama hannun sai ta fashe da kuka, ta gudu ta ɓuya a bayan randa. Ranar gawayi ma haka. Na ja mata layi a simintin baranda, na ce ta ja irinsa a ƙasansa. Ta yi wani abu mai kama da hanjin kaza. Na goge. Ta sake yi, na sake gogewa.

"Mama," in ji ɗana daga tabarma, "ba 'yar aji uku ba ce fa."

"Wanda bai koyi miƙe layi yana ƙarami ba, ba zai miƙe kunya a gona ba."

"Ni kin koya mini," ya ce, yana nuna ƙafarsa mai bandeji, "ga kuma inda miƙaƙƙiyar kunya ta kai ni."

Na kwashe gawayina na mayar kicin, domin ba a mai da wa mara lafiya magana.

A rana ta uku aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin kwanon baranda ya yi yoyo wuri uku. Na tara gwangwanaye kamar yadda na saba. Ina juyowa sai na ga yarinyar ta tsuguna gaban gwangwanin tumatir, ta karkata kai tana saurare. Ubanta ya miƙa sandarsa ya ture gwangwanin, ya jawo na madara ya sa a wurinsa. Ƙarar ta sauya. Yarinyar ta buɗe baki. Kafin a jima sun kwashe mini duk abin da ke iya tara ruwa a gidan, tasa da ƙoƙo da tsohon bokiti, yana nunawa da sanda, tana ɗaukowa da gudu. Sai ya shiga raɗa musu suna. Bokitin mai kaurin murya ya ce fasto ne. Ƙoƙon ya ce uwarta ce. Gwangwanin tumatir mai ƙara kamar ana buga allo da rula, ya ce, "Wannan Kaka ce." Yarinyar ta yi dariya har ta zauna cikin ruwan. Ban ji daɗin kwatancin ba, amma na ɗauki alƙalami na rubuta shi a jadawali, a ƙarƙashin kiɗa.

Daga nan jadawalin ya koma bin su, maimakon su bi shi. Na buɗe akwatina na ciro tsofaffin takardun jarrabawa na ɗalibai, muka naɗa jiragen ruwa muka sake su a kwatar tsakar gida. Nasa jiragen a karkace suke, su kuwa ta fi so. Nawa ne dai suke kaiwa bakin ƙofa ba su nutse ba, kuma ina so a san da wannan. Ya zaro karan dawa daga danga ya yi mata shanu masu ƙafa uku. Na ce saniya ƙafa huɗu gare ta. Ya ce waɗannan garma ta sare su.

Sai tuwon ƙasa. A bayan rumbu akwai jar ƙasa, irin ta Zuru, wadda in ta jiƙe take kama hannu. Yarinyar ta ɗebo a murfin tukunya, ta mulmula, ta tsinko ganyen yakuwa ta watsa a kai a matsayin miya, ta kai wa ubanta. Ya rufe ido ya yi godiya ga Allah kamar a kan abincin gaske, ya kai hannu kusa da baki, ya tauna iska, ya ce gishiri ya ji. Sannan ta kawo mini nawa. Na duba na ce, "Wannan ƙasa ce." Leɓenta ya soma rawa.

"Mama," ɗana ya ce a hankali, "ba a ƙin tuwon yaro."

Ban buƙaci ya tuna mini ba. Kowa a ƙasar nan ya san wannan, Kirista da Musulmi, na gari da na ƙauye. In yaro ya kawo maka tuwon ƙasa, karɓa kake yi ka ci ka yaba, ko kai sarki ne. Wanda ya ƙi, an san zuciyarsa, kuma ba a ba irinsa riƙon yaro. Na karɓa. Ina riƙe da malmalar, jan ruwa ya gangaro daga tafina zuwa gwiwar hannu, ya ɗiga a zanena. Na dubi tabon. Shekarun da na yi ina wanke fararen rigunan makaranta sun koya mini cewa jar ƙasar nan ba ta fita daga farin yadi, ko da wane sabulu. Na kuma san cewa ranar Asabar ɗin akwai ɗaurin aure a Rikoto da rana, kuma mai shagon nan ba ta zuwa biki sai da farin leshi, domin tallar hajarta take yi a jikinta.

Daga ranar na ƙara darasi ɗaya a jadawali, na sa masa suna ladabi. Na koya wa jikata cewa baƙo ake fara kai wa abinci, da hannu biyu, a durƙushe, kuma ba a tashi sai ya karɓa. Na koya mata cewa abincin da ya zube ba a barinsa, tattarawa ake yi. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ba gaskiya ba ne, kuma babu mai iya cewa na koya wa yarinya mugun abu. Wannan karon ban kama hannunta ba. Ni nake zama baƙuwa, ubanta yana tafa mata, ta kuwa koye shi cikin kwana uku. Na aika wa uwargidan fasto cewa ta zo ranar Asabar da hantsi ta karɓi dashen yakuwar da ta daɗe tana roƙona.

Ranar Juma'a na ɗebo ƙasar da kaina, daga inda ta fi ja, na shanya ta a kicin kusa da murhu. Da ta bushe na daka ta, na tankaɗe da rariya, domin ba na iya ganin aiki da tsakuwa a ciki. Da safen Asabar na kwaɓa ta, na zuba ruwa fiye da ƙima.

"Mama, yau tuwon ya yi ruwa," in ji ɗana.

"Na baƙi mai taushi ake yi," na ce. Ya daɗe yana dubana.

Uwargidan fasto ta riga isowa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ɗan kabu-kabu ya sauke mai shago a ƙofar gida, cikin farin leshi tun daga wuya har idon sawu. Ruwan sama ne kaɗai ban iya sa wa a jadawali ba, amma muna cikin gaisuwa hadari ya haɗu, kafin ta gama tambayar jikin ɗana ruwan ya sauko. Ta ciro wata 'yar tsana ta roba mai kuka in an matsa cikinta, ta ba yarinyar, ta ce, "Zo wurin Anti." Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta kai ta ƙarƙashin yoyo ta kwantar a cikin bokiti domin ta yi wanka.

"Kun gani ko?" in ji mai shago. "Ko abin wasa ba ta sani ba. Mama, a haɗa mata kayanta, ruwa na ɗaukewa mu wuce."

Ɗana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce, "Ki bari ta ba baƙi abinci tukuna."

Yarinyar ta fito daga kicin da murfin tukunya, malmala uku a kai, tana tafiya a hankali, harshenta a waje don kada ya zube. Ta durƙusa gaban uwargidan fasto, domin ita ce babba. Baiwar Allah ta karɓa, ta yi addu'a, ta tauna, ta ce, "Kai, uwargida, wannan tuƙi haka! Mijinki ya more." Sai yarinyar ta matsa gaban ta biyu, ta durƙusa, ta ɗaga hannu.

"Ke! Kada ki taɓa ni!" Mai shago ta janye ƙafafunta, ta tattare leshin.

Yarinyar ba ta tashi ba, domin an koya mata kada ta tashi. Hannayenta suna sama, leɓen ya soma rawa.

"Haba, 'yata," in ji uwargidan fasto. "Tuwon yaro ne fa."

Na haɗa hannuwana a cinya ina kallo. Hanya biyu ce a gabanta: ko ta ƙi, a gaban uwargidan fasto, ta zama matar da ta zo karɓar riƙon yarinya ta ƙi tuwonta, ko ta karɓa. Na ga tana auna su a fuskarta. Ta miƙa yatsa biyu ta ɗauki malmalar daga nesa da jikinta. Da ƙasar tana da ƙarfi, da ta tsira. Malmalar ta rabe a tsakanin yatsun, ta faɗa mata a cinya. Jikata kuwa, da yake ta san abinci ba a barinsa a zube, ta sa tafukanta biyu ta tattara shi da kyau a kan leshin, daga gwiwa zuwa gwiwa, sannan ta rungume ƙafafun baƙuwarta don murna.

Ihun da matar ta yi ya fi na bokiti. Ta zaro waya, ta kira ƙanwarta ta bidiyo, tana cewa, "Dubi! Dubi abin da ake yi da ɗiyarki! Dubi kayana!" Ta juya wayar wajen yarinyar, wadda ƙasa ta kai mata har kunne. Yarinyar tana ganin fuskar uwarta ta kama hannun matar da wayar duka, ta ja su zuwa bakin baranda, tana nuna gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. "Mama, ji fasto. Ji Kaka." Ɗana ya so ya danne dariya, ta fi ƙarfinsa, ya yi ta har yana riƙe ƙafar mai ciwo. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin shuka.

Sannan matarsa ta ce wa yarinyar ta wayar, "Za ki bi Anti gidanta ki kalli katun?"

Yarinyar ta waiwaya ta dubi murfin tukunya. "Baba bai ci ba," ta ce. Ta saki wayar, ta ɗauki malmala ta uku ta kai masa, ta durƙusa.

"Yaya," in ji matar ɗana, "ki bar ta wurin ubanta. Na gode da wahala."

Mai shago ta miƙe za ta fita, ruwa kuwa yana zuba. Al'ada ta ce a tsai da baƙo sau uku. Na ce mata ta jira ruwa ya ɗauke, sau ɗaya. Da ta nufi ƙofa na miƙa mata lemar da ƙarafanta biyu suka karye, alhali mai kyau tana rataye a bayan ƙyaure.

Bayan ta tafi, uwargidan fasto ta zauna tana murza ragowar tuwonta tsakanin yatsa da yatsa. Ta daɗe tana murzawa.

"Malama," ta ce, "na ci tuwon yara ya fi a ƙirga, nawa da na mutane. Ban taɓa cin wanda babu tsakuwa ko ɗaya a ciki ba. Wa ya tankaɗe ƙasar nan?"

Ba na yin ƙarya, ba a koya mini ba. Na ce ni ce. Ta girgiza kai, ta ce in je in nemi gafara kafin in sake cin jibin Ubangiji a majami'a, ta ɗauki dashen yakuwarta ta tafi.

Ranar Litinin na je Rikoto. Na tsaya a ƙofar shagon, na gaishe ta yadda ya kamata, na ce na zo neman gafara a kan lema, domin ba daidai ba ne a ba baƙo karyayyen abu alhali akwai mai kyau. Ta tsaya tana jiran saura. Na bincika zuciyata a tsaye a wurin, da gaske na bincika, ban sami nadamar saura ba, kuma neman gafarar da babu nadama a ciki aiki ne na rabi. Na karɓi lemata na dawo.

Yarinyar ta zauna da ubanta har uwarta ta gama kwas. Kafin a yanke dawa ya ajiye sanda, ranar da ya fara komawa Manga kuwa a wuyansa ya ɗauke ta. Leshin bai wanku ba. Mai shago ta kai shi marina aka rina mata shi da shuni, takan kuma sa shi zuwa majami'a jefi-jefi. Mata suna yaba kalarsa. Ni ina zaune a layi na biyu, in ta zo wucewa mukan gaisa, in ce mata kayan sun yi kyau.